Zauren Lissafi: Amsoshin Wasiƙunku Kan Tagwayen Ikweshan

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata a kan abu guda suke: lissafin nan mai haruffa biyu, x da y, wanda ake shiga a aji uku na ƙaramar sakandare, ɗalibai kuma suke kira simalteniyos. Mu a nan za mu kira shi tagwayen ikweshan, tunda biyu suke zuwa kuma tare ake warware su. Mun haɗa wasiƙun da suka yi kama, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Idan aka ba ni 2x + 3 = 11 ina warwarewa ba wata wahala. Amma da zarar y ya shigo sai kaina ya ɗaure. Me ya sa sai an ba da ikweshan biyu? Ɗaya bai isa ba? (Ɗalibi ɗan aji uku, Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ajiye haruffan tukuna, mu je shago. An aiki yaro ya sayo littafin rubutu uku da biro biyu, ya biya naira 1,300. Nawa ne littafi ɗaya? Babu mai iya faɗa maka. Yana yiwuwa littafi 300 ne, biro 200. Yana yiwuwa littafi 400 ne, biro 50. Ko littafi 350, biro 125. Lissafa su, duk 1,300 za su ba ka. Bayani ɗaya a kan abu biyu da ba a sani ba bai isa yanke hukunci ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Washegari ƙanensa ya je wannan shagon, ya sayo littafi ɗaya da biro biyu a kan naira 700. To, yanzu jera sayayyar biyu kusa da juna. Biro biyu a nan, biro biyu a can, ba su kawo wani bambanci ba. Abin da yayan ya fi ƙanen da shi littafi biyu ne, kuɗin da ya fi shi biya kuma 600. Ke nan littafi ɗaya 300. Koma kan sayayyar ƙanen: cire 300 daga 700, saura 400 na biro biyu, kowane 200.

Ka gama warware tagwayen ikweshan ba tare da ka rubuta harafi ko ɗaya ba. A takarda ga yadda suke, x kuɗin littafi ɗaya, y kuɗin biro ɗaya:

3x + 2y = 1300
x + 2y = 700

Ka debe na ƙasa daga na sama, 2y ya tafi, aka bar ka da 2x = 600. Wannan irin ikweshan ne da ka ce kana warwarewa ba wahala. Duk dabarun da za a koya maka a wannan babi manufarsu ke nan: a kori harafi ɗaya na ɗan lokaci, a koma ga abin da ka riga ka iya. Ka kuma riƙe cewa amsar lambobi biyu ce, x = 300 da y = 200, kuma dole su gamsar da ikweshan biyun duka. Wanda ya samo x ya ajiye biro, rabin aiki ya yi.

Tambaya: Malam, a hanyar sokewa yaushe ake tarawa, yaushe ake debewa? Malaminmu ya sa mun haddace "alama iri ɗaya a debe, alama daban a tara". Na haddace, amma har yanzu amsata tana fitowa da wasu lambobi marasa kan gado. (Ɗaliba, Birnin Kudu)

Amsa: Ƙa'idar malaminku daidai take, 'yata, sai dai gara ki san dalilinta. So ake harafi ɗaya ya zama sifili. Idan kina da +6y a sama da −6y a ƙasa, tarawa ce za ta kashe su. Idan +6y ne a sama da +6y a ƙasa, debewa ce. Alamar da ake dubawa ita ce ta harafin da kike son sokewa kaɗai, ba ta farkon layi ba.

Kafin a kai nan, sai lambobin da ke gaban harafin sun zama daidai. Ga misali:

2x + 3y = 13
5x − 2y = 4

A gaban y akwai 3 da 2. Ƙaramar lambar da 3 da 2 ke shiga cikinta ba saura ita ce 6. Ninka na sama da 2, na ƙasa da 3:

4x + 6y = 26
15x − 6y = 12

Alamun y sun bambanta, sai a tara: 19x = 38, wato x = 2. Saka 2 a ikweshan na farko: 4 + 3y = 13, 3y = 9, y = 3. Gwada a na biyu: 10 − 6 = 4. Ya yi.

Da x kika zaɓa ki soke, da kin ninka da 5 da 2 kin samu 10x sama da ƙasa, sannan ki yi debewa. Amsar ɗaya ce. Mun zaɓi y ne saboda tarawa ta fi debewa lafiya, kuma duk inda kika sami zaɓi ki bi ta nan.

Yanzu ga wurare biyu da lambobin nan marasa kan gado ke fitowa. Na farko, a ninka hagu a manta dama. Ɗalibi ya rubuta 4x + 6y = 13 da 15x − 6y = 4, ya tara, ya samu 19x = 17. Alamar = sikeli ce. In kin ninka abin da ke kwano ɗaya kin bar ɗayan yadda yake, sikelin ya karkace, kuma duk abin da kika gina a kansa ya tashi a banza. Maganinsa ki sa dukan ikweshan cikin baka kafin ki ninka, 2(2x + 3y = 13), sannan ki bi kowace gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Gaɓoɓi uku ne, ninki uku za ki yi, ki ƙirga su.

Na biyu ya fi yawa, kuma a nan gizo ke saƙar. Dubi wannan:

3x − 2y = 6
3x − 5y = −3

Alamar x iri ɗaya ce, sai a debe. Mai gaggawa zai ce −2 da −5 sun ba da −7, 6 cire 3 kuma 3, ya rubuta −7y = 3. Kuskure biyu a layi ɗaya. Abin da ake debewa −5y ne da −3, kuma debe abin da yake da alamar debewa ƙari ne. Idan ana bin ki bashin naira uku aka yafe miki, ai arzikinki ya ƙaru da naira uku. Don haka −2y − (−5y) = 3y, kuma 6 − (−3) = 9. Sai y = 3, x = 4.

Shawararmu ga duk wanda wannan ke kayarwa ita ce ya daina debewa gaba ɗaya. Sake rubuta ikweshan na ƙasa, ki juya kowace alama a cikinsa, ya koma −3x + 5y = 3, sannan ki tara shi da na sama. Layi ɗaya ne kika ƙara a takarda, kin kuma toshe ƙofar kuskuren. Amsa irin 17/19 ba hujja ba ce cewa an ɓata, akwai tambayoyin da amsarsu haka take. Amma a takardar aji uku, in kin ga irinta, ki koma ki duba alamunki kafin ki wuce.

Tambaya: Malam, ina taya 'yata aikin gida. An ba su x + y = 7 da 3x − 2y = 11, an ce su bi hanyar musanya. Ta rubuta y = 7 − x, sannan 3x − 14 − 2x = 11, ta samu x = 25 da y = −18. Ta gwada, 25 da −18 sun ba da 7 daidai, amma malamarta ta soke. Ina laifin yake? (Wata uwa, Zariya)

Amsa: Hajiya, mun ji daɗi da kika turo aikin yadda yake, domin ya nuna abubuwa biyu a lokaci guda.

Farkon aikinta daidai ne, y = 7 − x. Ta tuntuɓe ne wajen saka shi a ikweshan na biyu, saboda ta tsallake layin baka. Ga yadda ya kamata:

3x − 2(7 − x) = 11
3x − 14 + 2x = 11
5x = 25
x = 5, y = 7 − 5 = 2

Lambar da ke bakin bakan −2 ce, tare da alamarta, kuma tana ninka duk abin da ke ciki. −2 sau 7 ya ba da −14. −2 sau −x ya ba da +2x. Ita ta rubuta −2x. Alama ɗaya ce ta mayar da 5 zuwa 25. Ki sa ta saba da rubuta layin bakan kullum, ko da tana ganin za ta iya da ka. Sauri ya haifi nawa.

Abu na biyu shi ne gwajin da ya yaudare ta. Daga ikweshan na farko ta ciro y, don haka kowace lamba ta sa a x, ko 25 ko 1,000, y ɗin da za ta samu zai dace da na farkon. Wannan kamar a tambayi mutum ne ya yi wa kansa shaida. Ikweshan na biyu ne mai tona asiri: 3 sau 25 shi ne 75, cire 2 sau −18 ya zama 75 + 36, wato 111, alhali 11 ake nema. Gwaji ana yinsa ne a ikweshan biyun duka, kuma a yadda suka zo a tambaya, kada a gwada a wanda aka riga aka ninka ko aka juya, domin in kuskuren a wurin ninkin yake zai bi ta har gwajin.

Akwai wani tarko kusa da wannan da wataƙila za ta faɗa nan gaba. In ta ciro y = 7 − x daga na farko, ta sake saka shi a na farkon, za ta samu x + 7 − x = 7, wato 7 = 7. Gaskiya ce amma ba ta kai ko'ina. Inda aka ciro daban, inda ake sakawa daban.

Game da zaɓen hanya idan ba a tilasta ba: musanya tana da daɗi ne idan akwai harafin da ke tsaye shi kaɗai ba lamba a gabansa, kamar y a x + y = 7, ko an riga an ba da y = 2x − 1. Idan duk haruffan suna da lambobi a gaba, kamar 2x + 3y = 13, ciro x zai ba da (13 − 3y)/2, a shiga jan rabe-rabe har ƙarshe. A nan sokewa ta fi. In kuma tambaya ta ambaci hanya da suna, ita za a bi, domin masu duba jarrabawa suna ba da maki a kan matakai, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba.

Tambaya: Ina koyar da 'yan turwaziyem, wato ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare a Nijar, masu shirin jarrabawar kammalawa ta BEPC. In na rubuta musu ikweshan a allo suna warwarewa, amma in tambayar ta zo da labari sai su tsaya cak. Ta ina zan ɓullo musu? (Malamin lissafi a wata kolej, Maraɗi)

Amsa: Malam, matsalar ɗaya ce a nan da can, ko da Faransanci ake koyarwa ko da Ingilishi. Yaran sun koyi warwarewa, ba su koyi fassara labari zuwa lissafi ba, kuma wannan sana'a ce daban mai buƙatar nata darasin. Muna ba da shawarar a ware darasi biyu ko uku waɗanda ba za a warware komai a cikinsu ba. A karanta labari, a rubuta ikweshan biyu, a tsaya, a ɗauki wani labarin.

Matakin da aka fi rainawa shi ne na farko, faɗin abin da harafi yake wakilta da cikakkiyar jumla. Ɗauki tsohuwar tambayar nan: a wani gida akwai kaji da awaki, kawuna 30, ƙafafu 84. Yaro zai rubuta "k kaji, a awaki". Kada ka karɓa. Sai ya rubuta "k shi ne yawan kaji, a shi ne yawan awaki". Harafi lamba yake wakilta, yawa ko farashi ko shekaru. Wanda ya ɗauki k a matsayin kaza ita kanta ba zai ga dalilin rubuta 2k ba. Wanda ya san k yawan kaji ne zai gane cewa ƙafafunsu 2k ne.

k + a = 30
2k + 4a = 84

Ninka na sama da 2, a samu 2k + 2a = 60, a debe, 2a = 24. Awaki 12, kaji 18. Ƙafafu 48 da 36, jimla 84. Yana da kyau ka nuna musu ma'anar abin da suka yi: ninkawa da 2 daidai yake da cewa "a ɗauka duk dabbobin ƙafa bibbiyu gare su", sai a samu 60, ragowar 24 kuma ƙarin ƙafa biyu ne na kowace akuya. Dattijo a kasuwar dabbobi haka zai yi shi da ka.

Ka lura da siffar wannan tambaya, domin tana dawowa da riguna iri-iri: ikweshan ɗaya yana ƙirga yawa, ɗayan yana ƙirga daraja. Takardun kuɗi 25, wasu na 500 wasu na 200, jimlarsu 8,300, ita ce dai: a + b = 25 da 500a + 200b = 8300, amsa 11 da 14. In yaro ya gane siffar, rabin tambayoyin labari sun zama ɗaya a wurinsa.

Tambayoyin shekaru suna da nasu ramuka biyu. "Shekarun uba sun ninka na ɗansa sau uku. Nan da shekara 12 za su ninka nasa sau biyu." Ramin farko juya ninki: da yawa za su rubuta 3u = d, saboda sun bi jerin kalmomin, uba ya zo kusa da uku. Ka sa su gwada da lamba: in ɗa yana da 10, uba nawa? 30. To, wa ake ninkawa? Ɗan. Ke nan u = 3d. Rami na biyu, a ƙara wa uba 12 a manta ɗa, kamar shi lokaci ba ya wucewa a kansa. Daidai shi ne u + 12 = 2(d + 12). Saka 3d a gurbin u: 3d + 12 = 2d + 24, d = 12, u = 36. Bayan shekara 12, 48 da 24.

Akwai kuma abin da ya shafi ɓangarenku musamman. Yaro a Maraɗi da dala yake ƙirga kuɗi a gida da kasuwa, dala ɗaya kuma sefa 5 ce, takarda kuwa da sefa take magana. In ka fassara musu tambaya da Hausa ka ce dala ashirin, wani zai rubuta 20 a ikweshan ɗaya, ɗayan ikweshan kuma yana ɗauke da sefa, inda kuɗin 100 ne. Warwarewar za ta tafi sumul, amsar ta fito ba daidai ba. Haka yake ga awa da minti, ko kilo da giram. A daidaita ma'auni kafin a rubuta ikweshan. A ƙarshe kuma a auna amsar da hankali: awaki 12 da rabi, ko ɗan da ya girmi ubansa, sun isa su sa a koma baya.

Tambaya: Malam, na yi wata tambaya, da na debe sai x da y duk suka ɓace, aka bar ni da 0 = 0. Wata kuma ta ba ni 0 = 6. Ni na yi kuskure ko littafin? (Ɗalibi, Azare)

Amsa: Mai yiwuwa babu wanda ya yi kuskure, ɗana. Ɗauki ikweshan biyun a matsayin shaidu biyu gaban alƙali.

2x + 3y = 12
4x + 6y = 24

Na biyu na farko ne aka ninka da 2. Shaida na biyu ya maimaita maganar na farko ne kawai, bai ƙara komai ba. Shi ya sa ka samu 0 = 0. Amsoshin ba su da iyaka: x = 0 da y = 4 sun yi, x = 3 da y = 2 sun yi, x = 6 da y = 0 sun yi. Abin da za ka rubuta ke nan, cewa duk lambobin da suka gamsar da 2x + 3y = 12 amsa ne.

In kuwa na biyun 4x + 6y = 30 ne, shaidun sun ƙaryata juna. Na farko ya ce ninkin kayan 24 ne, na biyu ya ce 30. Debewa ta ba da 0 = 6, abin da ba zai yiwu ba, don haka babu amsa sam. A giraf, tambaya mai 0 = 0 layi ɗaya ne aka zana sau biyu a kan juna, mai 0 = 6 kuma layuka biyu ne kamar ƙarafan titin jirgin ƙasa, ba sa haɗuwa.

Kana iya gane haka tun kafin ka fara. Ninka lambobin gaban haruffa a gicciye ka debe: 2 sau 6, cire 4 sau 3, ya ba da sifili. Duk lokacin da wannan ya ba da sifili, ɗayan halayen nan biyu ne. In bai ba da sifili ba, amsa ɗaya tak ce. Wannan lambar ita ce ginshiƙin ƙa'idar da Gabriel Cramer, masanin lissafi ɗan Janeba, ya wallafa a 1750, wadda za ka haɗu da ita a babbar sakandare. Amma ka fara duba aikinka, domin wanda ya ninka ikweshan ya kuma debe shi daga kansa shi ma 0 = 0 zai samu.

Tambaya: A hanyar giraf amsata ba ta zuwa daidai da ta abokaina. Ni in samu 2.2, wani 1.9, alhali amsar 2 ce. (Ɗaliba, Kontagora)

Amsa: 'Yata, giraf awo ne da ido da hannu, ɗan bambanci ba abin mamaki ba ne, amma 2.2 ya yi nisa. A takardar giraf mai manyan murabba'ai na santimita 2, kowane babba yana da ƙanana goma. In kin ba kowane babba lamba ɗaya, ƙaramin murabba'i 0.1 ne, ke nan kin kauce da ƙanana biyu. Fensir mai kauri da rula mai motsi sun isa su jawo haka.

Ɗauki x + y = 5 da 2x − y = 1. Ga kowane layi ki nemo ɗigo uku. Na farko: (0, 5), (1, 4), (5, 0). Na biyu, bayan kin mayar da shi y = 2x − 1: (0, −1), (1, 1), (3, 5). Ɗigo biyu sun isa zana layi, na ukun ɗan sanda ne: in bai hau layi ɗaya da sauran ba, akwai kuskure a teburinki. Ki zaɓi ɗigogi masu nisa da juna, domin biyu da ke maƙwabtaka suna barin rula ta karkata ba ki sani ba. Fere fensir, sa ɗigon da ƙaramin gicciye, ja layin ya zarce ɗigogin. Za su haɗu a (2, 3). Tazarar lambobi a kan kowane ginshiƙi dole ta zama ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma x ake fara karantawa kafin y. Idan ainihin amsar irin 17/7 ce, giraf 2.4 kawai zai iya ba ki, kuma an yarda da hakan.

Tambaya: Wai wa ya ƙirƙiro wannan lissafi? (Mai karatu, Kumasi)

Amsa: Ba mutum ɗaya ba ne. Masana lissafi a ƙasar Sin suna warware irin waɗannan tambayoyi kimanin shekara 2,000 da suka wuce, suna jera 'yan sanduna a kan allo suna ninkawa suna debewa, hanyar sokewa ke nan ba haruffa. A Turai daga baya aka laƙaba wa hanyar sunan Bajamushe Carl Friedrich Gauss, wanda ya rayu daga 1777 zuwa 1855. Sunan aljabra kuwa daga littafin Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. Kalmar al-jabr a Larabci tana nufin gyara abin da ya karye, har ɗorin ƙashi ma da ita ake kiransa.

Tambaya: Malam, ni kiwon kaji nake yi, na bar makaranta da daɗewa. Ɗana ya ce wannan lissafin zai iya gaya mini yawan masara da dusar waken suya da zan haɗa. Gaskiya ne? (Mai kiwon kaji, Funtuwa)

Amsa: Gaskiya ya faɗa, Alhaji. Masara tana da furotin kusan kashi 9 cikin 100, dusar waken suya da aka tatse mai kuma kusan kashi 44. A ce kana son haɗi mai nauyin kilo 100 da furotin kashi 16. Bari m ya zama kilon masara, w kilon dusar waken:

m + w = 100
0.09m + 0.44w = 16

Na farko yana ƙirga nauyi, na biyu yana ƙirga furotin. Kada ka yi kokawa da ɗigo. Ninka na biyu gaba ɗaya da 100, har da 16 ɗin, ya koma 9m + 44w = 1600. Ninka na farko da 9, ya koma 9m + 9w = 900. Debe: 35w = 700, w = 20, m = 80. Gwaji: masara kilo 80 ta kawo furotin kilo 7.2, dusa kilo 20 ta kawo 8.8, jimla 16.

Wannan dabarar share ɗigo ita ce ta share rabe-rabe, ga ɗalibai masu karanta mu. In an ba da x/2 + y/3 = 4 da x/4 + y/2 = 4, a ninka na farko da 6, na biyu da 4, kowace gaɓa har ta dama, su koma 3x + 2y = 24 da x + 2y = 16, amsa x = 4, y = 6.

Abu biyu za ka kiyaye, Alhaji. Adadin furotin da kake nema dole ya faɗa tsakanin 9 da 44. In ka nemi 50, lissafin zai ba ka masara da alamar debewa, yana gaya maka ne cewa kayan biyun ba za su iya ba. Sannan abincin kaji bai tsaya a masara da wake ba, akwai garin ƙashi ko farar ƙasa, gishiri da sinadaran ƙari, kuma waɗannan suna cin nauyi ba sa kawo furotin. In za su ɗauki kilo 10 cikin 100, ikweshan na farko ya koma m + w = 90, na biyu yana nan yadda yake. Sai 9m + 9w = 810, 35w = 790, dusar wake ta tashi kusan kilo 22.6, masara 67.4. Lambobin 9 da 44 kuma na kimantawa ne. In buhun dusar da ka saya yana ɗauke da nasa adadin a rubuce, shi za ka sa a gurbin 44 ka sake lissafin.